Daga Madaɓi Zuwa Tayil: Tarihin Ƙasan Ɗaki a Wudil

Gabatarwa

Idan baƙo ya shiga ɗakin Bahaushe, idonsa kan fara sauka a kan jere da gado da labule, wani lokaci ya ɗaga kai ya dubi rufi. Da wuya ya sunkuya ya dubi abin da ya taka. Haka su ma marubuta tarihin gine-ginenmu suka yi. Sun yi rubutu mai yawa a kan bakan gizo da zankwaye da zanen bango, sun adana sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Amma ƙasan ɗaki, inda ake haihuwa, ake rarrafe, ake cin tuwo, ake sallah, ake kuma shimfiɗe mamaci kafin a kai shi makwancinsa, bai samu irin wannan kulawa ba. Babban dalili shi ne bango da rufi aikin magina ne, maza masu sarautar sana'a da sunayen da ake tunawa, daɓe kuwa aikin mata ne na cikin gida, waɗanda alƙalami bai cika bi ta kansu ba.

Ni kaina ban lura cewa ƙasan ɗaki yana da tarihi ba sai ranar da aka zo fasa ɗakin kakata a Wudil domin a sa masa tayil. Da leburori suka sa diga, sai suka tarar da siminti hawa biyu, wani a kan wani. A ƙarƙashinsu kuma ga wani abu ja mai duhu, mai tauri kamar gindin tukunya, wanda diga ke tsalle in ta sare shi. Tsohuwar tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana kallonsu. Ta yafuto ni, ta ce, "Maigida, zo ka gani. Wancan shi ne daɓen da aka yi mini lokacin da za a kawo ni gidan nan. Kwana uku ana bugunsa." Ashe ɗaki ɗaya ya tara zamani uku a jere.

Wannan maƙala za ta bi waɗannan zamunan, wato na daɓe da na siminti da na tayil, a garin Wudil da kewayensa. Za ta fi tsayawa a wurare uku: murhu, da dokin ƙofa, da rariya. Tsakiyar ɗaki fili ne, kowane ɗan koyo zai iya daidaita ta. Inda wuta take, da inda ƙafa ke ƙetarewa, da inda ruwa ke fita, nan ake gane gwani, nan kuma sauyin zamani ya fi barin sawu.

Wudil da Kayan Aikinta

Wudil tana kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Kano, a kan babbar hanyar da ta nufi Maiduguri. Garin yana bakin kogin da ya samu daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa, wanda mutanen wurin ke kira Kogin Wudil, na gaba kuma suke kira Kogin Haɗeja. Ƙasar ta daɗe da suna a tarihin Kano. A Utai, cikin wannan yanki, Fulani Joɓawa suka zauna, kuma shugabansu Malam Bakatsine yana cikin jagororin jihadi a Kano a farkon ƙarni na 19. Zuriyarsu ce ta riƙe sarautar Makaman Kano, Wudil kuma ta zama mazaunin hakimcinsu bayan Turawa sun fitar da hakimai daga birni zuwa gundumomi. A yau an fi sanin garin da kasuwar shanu ta ranar Juma'a, da su, da ginin tukwane.

Duk abin da mai daɓe ke bukata yana cikin wannan ƙasa. Kogi yana ba da yashi da rairayi, fadama tana ba da yumɓu, tudu yana ba da jar ƙasa da marmara, gonaki kuma suna ba da ɗorawa da bagaruwa. Manomin da ke sharar gona ba ya sare ɗorawa, domin garinta abinci ne, kalwarta daddawa ce, ɓawonta kuma shi ne makuba. Saboda haka, har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, mai gida a Wudil zai iya gyara ƙasan ɗakinsa ba tare da ya sayi wani abu daga nesa ba. Abin da zai kashe bai wuce hatsin fura da goron 'yan gayya ba.

Daɓe: Aiki da Waƙa

Bayan magini ya gama bango da rufi, sai ya tattara kayansa, aiki ya koma hannun mata. Da farko akan share ƙasan ɗakin, a cike ramuka, a baje. Sa'an nan a zuba marmara ko ƙananan tsakuwa gauraye da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, a bari ya kwana ya jiƙa. Kashegari mata su taru, kowace da madaɓinta, wato wani guntun itace mai faffaɗan ciki da mariƙi. Sukan durƙusa a jere, su fara bugu daga ƙuryar ɗaki suna ja da baya zuwa ƙofa. Idan ƙasa ta fara kwanciya sai a kawo ruwan makuba. Ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa har ruwan ya rine ya yi ja mai duhu. A yayyafa, a buga, a bari ya sha iska, a sake yayyafawa, a sake bugu. Wasu sukan haɗa da ruwan bagaruwa, irin wadda majema ke jima da ita. Daga ƙarshe a goge da dutse mai santsi har fuskar daɓen ta yi sheƙi.

Masana sun bayyana cewa ɓawon ɗorawa da bagaruwa suna ɗauke da sinadarin da ke ɗaure ƙwayoyin ƙasa, ya rage musu shan ruwa. Matan da suka yi aikin sun san haka ta hanyar gwaji: daɓen da ya sha makuba ba ya tashin ƙura, tsintsiya ba ta cinsa da wuri, kuma ruwan da ya zube a kansa yakan tsaya har a share. Wannan sani bai tsaya a ƙasar Hausa ba. Matan Kasena na Tiyebele a Burkina Faso suna shafe bangon gidajensu da ruwan ɓawon ɗorawa bayan sun yi musu zane, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sanya fadar garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Daɓe aikin gayya ne, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya fi yawa a lokacin biki, sa'ad da ake shirya ɗakin amarya, don haka yakan faɗo da rani, bayan an kawar da amfanin gona. Dangi da maƙwabta da ƙawayen uwar amarya sukan zo, mai gida ya ciyar da su, wani lokaci a kira makaɗi. Ko babu makaɗi, ƙarar madaɓai ita kanta kiɗa ce. Mace ɗaya takan ba da waƙa, saura su amsa, hannuwa suna sauka tare. Manazarta adabin baka sun sanya waƙoƙin daɓe cikin waƙoƙin aiki na mata, tare da na daka da na niƙa da na raino. A cikinsu akan yabi amarya da danginta, a yi wa ango zambo in ya yi rowa, a yi habaici ga kishiya, a gargaɗi yarinya kan zaman gidan miji. Ga macen da ke cikin kulle, ranar daɓe tana cikin 'yan ranakun da take fita ta haɗu da 'yan'uwanta, ta faɗi cikin waƙa abin da ba ta iya faɗa da baki.

Murhu, Dokin Ƙofa da Rariya

Murhun girki, mai duwatsu uku, yakan kasance a tsakar gida ko a madafi. Amma wuta tana shiga ɗakin kwana ma, musamman da hunturu, lokacin da sanyin bakin kogi ke ratsa ƙashi. Masu daɓe sukan bar ɗan gurbi kusa da gado, su ɗaga masa gefe kaɗan domin ya tare toka da garwashi. Daɓe ba ya tsoron wuta, domin shi ma ƙasa ne. Zafi yana ƙara gasa shi kamar yadda yake gasa tukunya, in ma ya tsage sai a cike da laka a sake bugawa. Akwai kuma gadon ƙasa, wanda ake ginawa da rami a ƙarƙashi da 'yar ƙofar zuba garwashi, tsofaffi da masu jego su kwanta a kai. Irin wannan dabara ta ɗumama makwanci daga ƙasa tana nan a arewacin Sin da Koriya, Rumawan da ma sun yi ta a gidajen wankansu. Sai dai ba kowace tsohuwar al'ada ce ke da lafiya ba. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry sun yi bincike a Zariya, inda suka danganta yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego da kwanciya a kan gado mai wuta, da wankan ruwan zafi, da shan kunun kanwa.

Dokin ƙofa shi ne ɗan tudun da ake ɗagawa a bakin ɗaki, tsayinsa kamar taƙi ɗaya. Yana tare ruwan sama, yana rage shigar ƙura da ƙwari, yana kuma tsayar da yaro mai rarrafe kafin ya isa murhu ko rijiya. Da yake nan ƙafa ta fi taka, nan daɓe ke fara cinyewa, shi ya sa mata suka fi daɗewa suna bugunsa. A gidan kakata an jera tsingaron tukwane a gaban ƙofa da wurin wanka, aka danna su cikin ƙasa. Wannan ma tsohuwar dabara ce a wannan yanki na Afirka. Masanin tonon tarihi Graham Connah ya tarar da daɓen tsingaro a Daima, kusa da Tafkin Chadi, a tonon da ya yi a tsakiyar shekarun 1960, an kuma san irinsa a Ile-Ife da ƙasar Nupe. Ke nan tunanin shimfiɗa gasasshen yumɓu a ƙasa ya riga jirgin ruwan Turawa zuwa nan. Dokin ƙofa yana da matsayi a al'ada kuma. Akan hana yara zama a kansa, musamman da almuru, ana cewa hanyar iskoki ce. Ko mutum bai yarda da camfin ba, ya san mai zama a bakin ƙofa ya tare wa mutane hanya.

Na uku ita ce rariya, wadda wasu ke kira wuriya, wato kafar da ake bari a gindin katanga domin ruwa ya fita. A ƙasashen sanyi irin su Amurka, kafar iskar ɗumi a ƙasan ɗaki take, mai aiki sai ya kewaye ta. Mu namu tagogin shan iska a can saman bango suke, kafar ƙasa ta ruwa ce. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ɗaki ya fi tsakar gida tudu, tsakar gida ta fi waje tudu, kowane fili kuma ya karkata zuwa mafitarsa. Kafin a tashi daga aiki, babbar cikin masu daɓe takan ɗebo ruwa a ƙwarya ta kwarara a ƙurya, kowa ya zuba ido. In ruwan ya nufi rariya, an gama. In ya tsaya ko ya juya, sai a koma a gyara. A garin da ke bakin kogi, wanda ya sha ambaliya, har da ta shekarar 2001 da ta yi ɓarna a sassan Kano da Jigawa, sanin hanyar ruwa shi ne ke raba gidan da zai tsaya da wanda gindin katangarsa zai jiƙe ya zube.

Zuwan Siminti

A 1824 wani birkila ɗan Ingila mai suna Joseph Aspdin ya yi rajistar irin simintin da duniya ke aiki da shi a yau. Bai iso ƙasar Kano da yawa ba sai bayan Turawa sun ci birnin a 1903, layin dogo kuma ya iso a 1911. Da farko kayan gwamnati ne da na kamfanonin ciniki, domin daga ƙetare ake kawo shi. Da cinikin gyaɗa ya bunƙasa, sai attajirai da masu sarauta suka fara shafe ƙasan ɗakunansu da shi, ko da bangon na ƙasa ne. Daga baya masana'antu suka buɗe a cikin gida: Nkalagu a 1957, Ewekoro a 1960, ta Kalambaina a Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka kuma a 1979. Kuɗin mai da ƙarin albashin Udoji na 1974 suka ƙara wa abin wuta. A 1975 gwamnati ta yi odar siminti kusan tan miliyan 20, har jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a tashar Legas suna jiran sauke kaya. A waɗannan shekaru ne siminti ya sauko daga gidan hakimi da ɗan kasuwa ya shiga ɗakin malamin makaranta da mahauci da masunci.

Siminti ya zo da sauƙi. Yini ɗaya ya isa, ana iya wanke shi da ruwa, kuma ba ya bukatar gyara kowace shekara. Wasu suka riƙa zuba masa jan launi, wasu suka shimfiɗa leda a kai, makarantu da asibitoci da manyan masallatai kuma suka koma tarazo. Amma ya sauya abubuwa da yawa ban da fuskar ɗaki. Aikin ya fita daga hannun mata ya koma hannun birkila. Gayya ta koma kuɗin aiki. Yashin Kogin Wudil, wanda da yara ke ɗebowa a ƙwarya, ya zama haja da tifofi ke jigila zuwa birni. Da madaɓi ya daina sauka, waƙar da ke tafiya da shi ta rasa abin jingina, domin waƙar aiki ba ta daɗewa bayan aikinta.

Wuraren nan uku su ma sun ji a jikinsu. Siminti ba ya jure wuta kai tsaye, yakan tsage ya ɓare, don haka gurbin wuta ya fita daga ɗaki, kurfoti da risho suka maye gurbinsa, gadon ƙarfe ya kori gadon ƙasa. Dokin ƙofa ya samu ƙarfi, sai dai wata matsala ta taso daga waje. Duk lokacin da aka yi wa titi ciko ko aka zuba kwalta, hanya takan ƙara tudu, gidajen da ke gefenta su koma ƙasa da ita. Tsohuwar ƙa'idar ta juye, ruwan waje ya fara neman cikin gida. Shi ya sa a yau za ka ga zaure an ɗaga masa baki da bulo jeri ɗaya ko biyu, mai shiga sai ya ɗaga ƙafa ya sauka kamar mai shiga kwalekwale.

Zamanin Tayil

Tayil yumɓu ne da aka gauraya da wasu ma'adinai, aka matse, aka gasa a wutar da ta haura digiri 1,000. Ya daɗe a duniya, masallatai da makarantun birnin Fas na Maroko sun shahara da shi tun ɗaruruwan shekaru. Wanda ya cika kasuwanninmu kuwa na manyan masana'antu ne, daga Italiya da Sifen, daga baya kuma mai rahusa daga Sin, musamman birnin Foshan. Yanzu ana yin sa a Najeriya, a Ajaokuta ta Jihar Kogi da kuma Jihar Ogun. A Wudil, zuwan Makarantar Horar da 'Yan Sanda a 1996 da buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, sun jawo ma'aikata da ɗalibai masu neman haya. Ɗaki mai tayil ya fi tsada, masu gidaje suka lura. Ba a daɗe ba abin ya shiga harkar aure, har dangin amarya sukan tambaya ko an sa tayil kafin su zo jere. Da yawa daga cikin gwanayen farko na wannan aiki a Najeriya mutanen Togo da Benin ne, a hannunsu samarinmu da dama suka koya.

Bambancin tayil da magabatansa shi ne ba ya lanƙwasa. Daɓe da siminti suna bin siffar ɗaki, tayil kuwa ya zo da ma'auninsa, santimita 40 ko 60 kowane gefe, alhali ɗakunanmu na da ba a gina su da kusurwa daidai ba. Don haka gwani yakan fara aunawa daga ƙofa. Yakan ja igiya, ya jera tayil a bushe ya gani, ya sa cikakku a bakin shiga inda ido ke fara sauka, ya tura yankakku can gindin bango inda gado da kabad za su rufe. Yakan lissafa cewa turmin siminti da kaurin tayil za su ɗaga ƙasa da 'yan santimita, don haka ko a rage ƙyaure ko a sauke ƙasan tun farko. A wurin rariya yakan karkatar da fili kamar santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, ya yanka tayil a karkace domin ruwa ya taru a baki ɗaya. A madafi yakan bar 'yar tazara tsakanin tayil da tayil da kuma gindin bango, domin zafi yana sa shi buɗewa, in bai samu wuri ba sai ya kumbura ya fashe. Wanda zai ɗora kurfoti kuwa sai ya sa masa bulo ko dutse a ƙasa. Bayan an gama, gwani yakan bi yana ƙwanƙwasawa, duk wanda ya yi ƙarar fanko ya san turmi bai cika ƙarƙashinsa ba.

Ba kowane mai injin yanka ne ya san waɗannan ba. Wanda ya yi aikin ɗakin kakata ya fasa dokin ƙofa, ya ce tsohon yayi ne, ya shimfiɗa tayil mai ƙyalli tun daga ƙurya har baranda, bai kuma gwada da ruwa ba. Ashe filin ya karkata ciki. Ruwan alwala da na sama suka riƙa kwanciya a bakin ƙofa. Wata asuba, kafin shekara ta zagayo, tsohuwar ta fito da butarta, santsi ya kwashe ta, ta karye a ƙugu. Ba ta sake taka ƙafarta ba har Allah ya karɓi abinsa. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma sababi yana da suna, kuma ƙwaryar ruwa ɗaya da ta isa ta nuna shi.

Riba da Hasara

Adalci ne a faɗi cewa siminti da tayil sun kawo alheri. Daɓen da aka bari ba gyara yakan farfashe, ya tara ƙura da ƙuma da ƙwayayen tsutsar ciki, yaro mai rarrafe kuma komai ya samu baki yake kai wa. A ƙasar Meziko, shirin da ya fara a jihar Coahuila a shekarar 2000 ya sauya ƙasan gidajen talakawa zuwa siminti, kuma binciken da aka buga a 2009 ya nuna raguwar tsutsar ciki da gudawa da ƙarancin jini a tsakanin yara. Tayil yana wankuwa da sauƙi, yana da sanyi da bazara, ya kuma ɗauke wa mata wahalar durƙuso na kwana da kwanaki. Duk wanda ya ce a koma jiya gaba ɗaya bai taɓa riƙe madaɓi ba.

Hasarar kuwa iri biyu ce. Ta farko ta dukiya ce. Tayil ɗan'uwan tukunya ne, uwarsu ɗaya, yumɓu. Ga Wudil da yumɓu, ga magina tukwane da suka gaji sarrafa wuta kaka da kakanni, ga jami'ar fasaha a cikin gari, amma abin da ake takawa a ɗakunanta daga ɗaruruwa ko dubban kilomita yake zuwa. Ta biyu ta sani ce. Matan da suka iya daɓe sun tsufa, ɗorawa tana ƙarewa a hannun masu gawayi, waƙoƙin kuma suna tafiya kabari tare da masu su. Abin lura shi ne wasu sun fara komawa ga abin da muka yar. A Ruwanda, kamfanin EarthEnable da aka kafa a 2014 yana yi wa talakawa daɓen ƙasa, ya shafe shi da wani mai da ke bushewa ya yi tauri, a farashin da bai kai na siminti ba. A jami'o'in Najeriya ma injiniyoyi sun gwada ruwan makuba wajen ɗaure jar ƙasa domin yin bulo. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kammalawa

Tarihin ƙasan ɗaki a Wudil ya nuna yadda aiki ya tashi daga gayyar mata ya koma hannun birkila, sa'an nan ya koma hannun mai injin yanka, da yadda kayan aiki suka tashi daga bakin kogi suka koma bakin teku. A duk zamunan uku, tambayoyin da murhu da dokin ƙofa da rariya ke yi wa mai aiki ba su sauya ba: ina wuta za ta zauna, ina ƙafa za ta sauka, ina ruwa zai bi? Magina tukwane sun ce tun ran gini tun ran zane. Ya kamata mai sa tayil ya amsa su kafin turmi ya bushe, mai gida kuma ya zaɓi tayil mai kaushi a bakin ƙofa da banɗaki, ya kwarara ruwa ya gani kafin ya biya.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan ɗaliban adabi. Har yanzu a ƙauyukan Wudil akwai tsofaffin da suka buga madaɓi, suna kuma tuna abin da suka rera. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta isa ta ɗauki muryarsu. Ranar da aka fasa ɗakin kakata na tsinci guntun daɓen nan na adana, yana nan a wurina. A ranar ta lissafa mini sunayen mata goma sha ɗaya da suka yi mata aikin, ta fara rera mini abin da suka rera, sai ƙarar injin yanka ta katse ta. Na ce mata zan dawo da takarda da alƙalami in rubuta. Ban dawo da su ba sai bayan an yi sadakar bakwai.